Kum Ɗina Ya Liƙe Mini Ƙuda a Gilashin Mota

Inna Rosanda,

Don Allah ki taimake ni, ki gaya mini yadda zan yi kafin in aikata abin da zai raba gidaje biyu. Na rubuta wasiƙar nan na goge, na sake rubutawa, domin duk lokacin da na karanta sai in ji kamar ƙorafin 'yar da aka sangarta. Amma kullum da safe in na zauna a motata na waiwaya hagu, sai in yi saurin kau da kai, kuma a gidanmu babu wanda zan buɗe wa baki.

A watan Yuni na gama jami'a, na karanci kimiyyar abinci. Na yi sa'a ban daɗe a zaune ba, wani kamfanin madara a nan Kruševac ya ɗauke ni. Aikina shi ne in zaga ƙauyuka in ɗebo samfurin madara a wurin masu shanu, in kai ɗakin gwaji kafin ta ɗau zafi. Sharaɗinsu ɗaya ne: kowa ya zo da motarsa. Baba ya bar mini tasa, 'yar ƙarama, tsohuwa amma lafiyayya, ba a taɓa sa mata komai a gilashi ba. A kujerar baya nake ajiye kulolin madara, kin kuwa san ranar watan Agusta a wajenmu. Sai na yanke shawarar a liƙa baƙar leda a gilasai uku na baya kawai, biyu na gefe da babban. Ban yi gaggawa ba. Na karanta abin da doka ta ce, na gane ba a yarda a duhunta gilasan gaba ba, kuma dole wanda ya yi aikin ya ba ni takardar shaida. Na samo shago mai tsabta, na je na ga aikinsu da idona, har mun sa rana.

Kuskurena shi ne na yi maganar a teburin abincin Lahadi, kum, wato ubana na baftisma, yana zaune.

Kum Radoje shi ya tsaya wa iyayena ranar aurensu, shi ya riƙe ni ranar baftisma, shi ya zaɓa mini sunan da nake amsawa. Mahaifinsa ma haka ya yi wa gidan kakana. Ba na son ki ɗauka mugun mutum ne. Shekarar da Baba ya karye a ƙafa, shi ya yi ta faso mana itacen hunturu yana kawowa. Kuma gilashin mota sana'arsa ce tun kafin a haife ni, har yanzu ana kai masa aiki a garejin bayan gidansa. Motar Baba ta farko shi ya sa mata leda, aka yi shekaru ana hawa, aka sayar da ita babu ƙurji ko ɗaya a jikin gilashin. Na tuna sarai, don a kujerar bayanta na girma.

Ya ajiye cokali ya ce, "Ke! Ina raye, 'yar da na riƙa a hannuna za ta kai mota wurin yaran da jiya-jiya suka daina fitsarin kwance? Ki kawo ta ranar Asabar. Kyautar digiri ce, kar in ji wata magana." Na buɗe baki zan ce ai na riga na sa rana, Mama ta take mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Na ce, "Na gode, Kume," haka ake kiran kum in ana masa magana. To me zan ce?

Inna, duk inda na karanta, cewa aka yi ana wannan aiki a wuri rufaffe mai tsabta, inda iska ba ta kaɗawa. Garejin kum ƙofarsa a wangale take, kajin matarsa na shiga suna fita, kyanwa na barci a kan nannaɗin ledar kanta. Ruwan sabulun da ya fesa wa gilashin, daga bokitin da ya gama wanke hannu ya ɗiba. Yana cin burek, gasasshen fulawar nan mai nama a ciki, maiƙo na bin yatsunsa, da hannun nan ya kama ledar ta gefen da gam yake. Sigari a baki, toka na zubowa. Da wani tabo ya ƙi fita, sai ya tofa yawu a gilashin ya goge da hannun riga. Gilashin da kulolin madarata za su riƙa wuni kusa da shi! Na juya baya.

Rana tsaka ce, amma ya sa na kunna masa fitilu biyu, yana ta mitar garejin ya yi duhu. Ya ɗauko nannaɗi biyu ya miƙo mini ya ce, "Karanta mana, 'yar jami'a, mu ji abin da aka koya miki." Na karanta, na ce wannan mai ɗan haske ne, shi nake so, wancan shi ne mafi duhu. Ya ce to, ya jingine su a bango. Da ya tashi yanka, mafi duhun ya ɗauka. Bakin gilashi kuwa ba dubawa yake yi ba, da yatsa yake lalube ya bi da reza. Da matarsa Ljubinka ta kawo kofi, ya karɓi tukunyar zai zuba, rabi ya tafi kan benci, ita kuma ta goge ba ta ce uffan ba. Ganin mutum ya raina aikinsa har haka, raina ya ɓaci. Sai Ljubinka ta ja ni bayan gida wai in taya ta ɓare gasasshen tattasai. Kafin in dawo ya liƙe gilasan gaba biyu su ma. Ya ce, "Gyara na yi miki. Kum ba ya rabin kyauta." Na ce, "Kume, doka fa?" Ya yi dariya ya ce, "Wace doka? Ai na girme ta."

Bari in gaya miki abin da na koma gida da shi, ba ƙari ba ragi. Gilashin baya ya cika da ƙuraje kamar fuskar mai ƙyanda. Na san akwai ƙananan kumfa na ruwa da ke bushewa da kansu, don haka na yi haƙuri, na bar gilasan a rufe kamar yadda ake cewa, na jira fiye da wata guda. Na ruwan sun tafi. Sauran ba ruwa ba ne: toka ce, da gashin kyanwa, da shatin babban yatsa na maiƙo wanda har zanensa ake gani. A ƙofa ɗaya ledar ba ta kai baki ba, an bar tazarar faɗin yatsa biyu. A ɗayar ta zarce ta naɗe, tana kama robar ƙofa. Siraran wayoyin nan na gilashin baya masu korar raɓa, reza ta yanke biyu daga ciki. Na gwada, tsakiyar gilashin ba ya washewa.

Sai kuma ƙudan. A gilashin direba, daidai inda idona ke bi in zan duba madubin gefe, akwai ƙuda, ƙato, kore, an danne shi tsakanin leda da gilashi har ya fashe. Fikafikansa a baje, abin cikinsa ya yi rawaya a kewaye. Ba ya goguwa ta ciki, ba ya goguwa ta waje. Ni da nake wuni da safar hannu ina neman ƙwayoyin cuta a madara, da mushen ƙuda nake zuwa aiki. Na daina karyawa a mota. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ranar da ya gama, kum ya tsaya a gaban gilashin nan, hancinsa ya kusa taɓa ƙudan, ya shafa da tafin hannu ya ce, "Kin gani? Kamar madubi." Ya kalli ƙazantar nan ƙiri-ƙiri ya ce mini madubi. Ko dai ya ɗauke ni sakarya, ko kuma don kyauta ce ya ga ko yaya ya yi daidai ne.

Ƙanena Vukašin har ya raɗa wa ƙudan suna. Kullum da safe sai ya leƙo ta taga ya ce, "Yaya Milisav ya kwana? Ki ɗaura masa bel, kar 'yan sanda su kama ku." Da yamma kuma, "Mama, ɓoye cokulan azurfa, motar 'yan fashi ta dawo daga tatsar shanu." Da farko na yi dariya. Yanzu ba ta zuwa.

Da ƙyama ce kaɗai da na daure. Amma yanzu gari ya fara jinkirin wayewa, ni kuwa da sassafe nake fita. Makon jiya a wata mararraba a hanyar Aleksandrovac, na duba hagu ban ga komai ba sai baƙi, na fito, ashe wata tsohuwa ce tafe a kan keke da buhu a baya. Ta kauce ta faɗa cikin ciyawa. Ba ta ji ciwo ba, ta tashi ta zage ni har kakannina, kuma ta yi daidai. Na daɗe a gefen hanya kafin in sake tayar da motar. Tun daga ranar, da gilashi a sauke nake tuƙi, sanyi na dukan kunnena.

Rajistar motar za ta ƙare a tsakiyar Oktoba. Na je wurin gwajin mota tun yanzu na tambaya, don ba na son ba-zata. Mutumin ya zaga motar, ya tsaya a kan Milisav, ya ce, "Wa ya yi miki wannan, ƙanwata? Da ƙafa ya liƙa?" Ya ce da ledar gaba ko 'yar wa ce ni ba zan wuce ba, ta baya kuma sai da takardar shaida, wadda kum ba shi da ita. In babu rajista babu mota, in babu mota babu aiki.

Slavar gidanmu kuwa, bikin shekara-shekara na waliyyin gida, a ƙarshen Oktoba take, ranar Waliyyiya Petka. Kamar kowace shekara, kum ne zai zauna a kujerar girma a tebur. Ya riga ya gaya wa Baba cewa ranar zai fito da baƙi tsakar gida ya nuna musu motar, "su ga tsohon hannu bai mutu ba." Da na ce wa Mama zan cire ledar, ta ajiye abin da ke hannunta ta ce, "Kum ba maɓallin riga ba ne da za ki tsinke ki ɗinka wani. Kyautar kum ake ɓarewa a zubar a shara? Ki bari in mutu tukuna." Baba ya ɓuya a bayan jarida. Daga can ciki na ji ya ce, "Radoje na da ba haka yake aiki ba."

Na yi tunanin in cire a ɓoye in ce 'yan sanda ne suka tilasta mini, amma ban iya ƙarya ba, fuskata ke tona ni. Na yi tunanin in je in faɗa masa komai, har yawun, amma in na tuna itacen hunturun nan sai in fasa. Vukašin ya ce in cire a yi gwaji, sannan in sayi wata ledar in liƙa da kaina da ƙazanta kafin Slava, har ƙuda zai kamo mini. Wallahi akwai daren da na ɗauki maganarsa da gaske. Inna, yaya zan cire wannan abin ƙyama daga motata ba tare da na cire kum daga teburinmu ba? Kuma laifi ne da nake jin ƙyamar aikin mutumin da ya raɗa mini suna?

Wadda ta gaji da Milisav,
Kruševac

*

'Yata,

Ba sangarta ba ce, kuma ba laifi ba ne. Aikin ƙazanta aikin ƙazanta ne ko wa ya yi shi, yawu a gilashi kuwa ko ni da na karanta sai da na ture kofina gefe.

Mu fara da abin da ba ya jiran kowa. Ledar gilasan gaba ta fita a makon nan, ba sai ranar gwaji ba. Tsohuwar nan mai keke ita ma tana da nata kum ɗin, da nata teburin da ake jiranta a kai. Babu zumuncin da ya kai a biya shi da ƙashin wani. Hukuncinki a kan sauran ma daidai ne: kumfar ruwa takan bushe, amma toka da gashi da maiƙo sun zauna ke nan, kuma tunda babu takardar shaida, ta bayan ma sake ta za a yi. Kada ki sa reza da kanki, musamman a gilashin baya, za ki ƙarasa wayoyin da suka rage. Masu sana'ar da tururi suke ɗaga ta, kuma ki tambaye su ko wayoyin biyu za su gyaru, sau da yawa sukan gyaru. Shawarar Vukašin kuwa, ki ce ina gaishe shi, ya bar ƙudajen garin nan su huta.

Amma mahaifiyarki ba shirme take yi ba. Abin da take karewa ya girme ki, ya girmi motar, kuma ranar da za ki buƙace shi tana nan tafe. Shi ya sa ban yarda da cirewa a ɓoye ba, ban yarda da ƙaryar 'yan sanda ba. Kruševac ba ta da girman da za a ɓoye mota a cikinta. In ya ji a bakin wani, ko ya fito da baƙi ranar Slava ya tarar da aikin wani a inda ya bar nasa, wannan ne wulaƙancin da ba ya wankuwa.

Yanzu ki ɗauko wasiƙarki ki sake karantawa, domin kin rubuta abin da ba ki lura kin rubuta ba. Mutum ya nemi fitilu biyu da rana tsaka. Ya ba ki nannaɗi ki karanta masa, ya lulluɓe roƙon da zolaya, sannan ya ɗauki wanda ba shi ba. Yana laluben bakin gilashi da yatsa. Ya zuba kofi a kan benci, matarsa ta goge kamar wadda ta saba. Ya sa hancinsa a kan ƙuda ya ce madubi. Mahaifinki kuma ya ce na da ba haka yake aiki ba, ke ma shaida ce, a bayan aikinsa kika girma. Ni ba likita ba ce, kuma zan iya yin kuskure. Amma ba na jin kum ɗinki ya kalli ƙudan nan ya raina ki. Ina jin bai gan shi ba.

Wannan bai wanke burek da yawu ba, waɗannan hali ne, ba ido ba. Amma ya canza tambayar. Mai sana'ar da ganinsa ke raguwa shi ne na ƙarshe da zai faɗa, don in ya faɗa, me ya rage masa? Watakila ma shi ya sa yake ɗokin fito da baƙi tsakar gida. Ba su kaɗai yake son ya gamsar ba, har da kansa. In kika bari ya yi, mutane za su ga abin da shi bai gani ba, su yi shiru a gabansa su yi dariya a hanyar gida. Shirunki ba rufin asiri ba ne a gare shi. Kuma ki tuna har yanzu ana kai masa motocin mutane.

Ki fara da Ljubinka. Ki je ki taya ta wani aikin, ki tambaye ta a hankali ko ta lura da idon kum. Matar da ke goge kofi ba ta ce uffan ba ta daɗe da sani, mai yiwuwa jira take wani ya taya ta ɗaukar maganar. In ta tabbatar, ki gaya wa iyayenki. Mahaifiyarki da ta hana ki taɓa kyautar kum ita za ta fara neman lambar likita, mahaifinki kuma ya sauke jaridar nan, abokinsa ne.

Sannan ku je wurinsa ke da Baba, ranar da babu baƙi, kuma ba hannu rabbana ba, kin san ba a shiga gidan kum haka. Ki ba shi labarin tsohuwa mai keke, ki gaya masa abin da mai gwaji ya ce game da doka da takarda. Duka gaskiya ne, fuskarki ba za ta tona komai ba. Maganar "da ƙafa ya liƙa" ki bar ta a aljihu, yawun ma haka. Ki ce, "Kume, dole a sake, kuma ba na son kowa ya taɓa sai wanda ka zaɓa." Mutumin da ya shekara da shekaru a sana'a ba ya rasa wanda ya koya a hannunsa kuma yake da shago da takarda yau. Ya zaɓa, ku je tare, ya zauna a kujera ya yi ta ba da umarni. Ranar Slava ya nuna motar ya ce a gabansa aka yi, kuma bai yi ƙarya ba. Zai iya yin fushi, ki sa ran haka. Fushin mako biyu a cikin gida ya fi kunyar rana ɗaya a gaban jama'a sauƙi. In kuma ya zamana idonsa lafiya lau, sakaci ne kawai, hanyar dai ita ce wannan, kin dai san ba za ki sake kai masa mota ba.

Maganar likita ki bar wa matarsa da mahaifinki su buɗe ta. Naki shi ne ki ce ke za ki kai shi. Yawancin abin da ke rage ganin tsofaffi yana da magani in an je da wuri. Ranar da ya riƙe ki a coci, ba ki san inda ake kai ki ba, shi ya gani a madadinki. Yanzu ki buɗe masa ƙofar gaba, ki zaunar da shi kusa da gilashi mai haske, ki tuƙa.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a sabon aikin, ya kai ku Slava lafiya da kum a mazauninsa. Milisav kuma a yi masa sallama ta mutunci, ya yi iya tafiyarsa.

Inna Rosanda